Yadda za ka koyar da aji a kan tambayar "Domin wa Almasihu ya mutu?"

Shekara 11 ke nan ina riƙe da ajin manya na makarantar Lahadi a sashen Hausa na majami'armu, kuma babu darasin da ya taɓa kwance mini a hannu kamar wannan. Ranar da tambayar ta fara tasowa muna cikin Yohanna sura 10 ne, inda Yesu ya ce shi ne makiyayi mai kyau da yake ba da ransa domin tumaki. Wani saurayi da ya dawo hutu daga makarantar tauhidi ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ka ga ke nan ba domin kowa ya mutu ba, domin tumaki ne kaɗai." Kafin in buɗe baki wani dattijo ya miƙe da Yohanna 3:16 a bakinsa, ayar da ta ce Allah ya ƙaunaci duniya har ya ba da Ɗansa, murya na rawa. Aka yi ta ka-ce-na-ce har aka kaɗa ƙararrawar sujada, aka tashi baram-baram. A bakin ƙofa wata uwa daga Zumuntar Mata ta tsaya jirana, ta ce a hankali, "Malam, to ni yaya zan san ko ina cikin tumakin?" Amsar da na ba ta ranar ba ta gamsar da ni kaina ba, balle ita.

Tun daga nan na koyar da darasin sau huɗu, da shiri. Ga yadda nake bi da shi, ko zai amfani wani malami ko malama da ke da aji irin nawa.

Kafin komai ka zauna da fastonka. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka tambaye shi matsayin ikilisiyarku a rubuce, domin ikilisiyoyinmu ba gida ɗaya suka fito ba. Ikilisiyar CRCN ta ƙasar Takum da Wukari da ta NKST ta Binuwai tushensu gidan Kalbin ne, malamin Furotesta na Turai wanda da yawa cikin mabiyansa suke koyar da cewa Almasihu ya mutu domin zaɓaɓɓu, wato waɗanda Allah ya zaɓa domin ceto. Ikilisiyar LCCN da ta fara daga Numan ta gidan Martin Luta ce, kuma Lutawa suna koyar da cewa Almasihu ya mutu domin kowa. 'Yan Metodis na gidan Wesli ne, su ma haka suke koyarwa, Katolika ma haka. Mutanen ajinka kuwa aure da aiki da gudun rikici sun haɗo su daga wurare dabam dabam, kowa da abin da ya sha tun yana yaro. In ikilisiyarku tana da matsayi, ka faɗa wa aji shi a fili, sa'an nan ka nemi izinin fasto ka nuna musu ɗaya gefen da gaskiya. Ka kuma roƙi Lahadi uku. Minti 45 na rana ɗaya ba ya isa, sai dai ya ta da ƙura ya bar ta a sama.

Lahadi ta farko kada ka fara da ayoyi. Ka fara da share fili, wato ka cire abubuwan da ba a kansu ake gardama ba, domin rabin zafin da na gani a ranar farko ya fito ne daga mutane suna faɗa da maganar da babu wanda ya faɗa. Ba ana tambaya ba ne ko kowa zai sami ceto a ƙarshe, ɓangarorin biyu duk sun yarda cewa mai ba da gaskiya ne yake samun rai. Ba ana tambaya ba ne ko jinin Yesu ya gaza, duk sun yarda darajarsa ta ishi duniya duka har da ragi. Ba kuma ana tambaya ba ne ko a yi wa kowa bishara. Abin da ya rage shi ne nufin Allah. Sa'ad da Almasihu ya hau gicciye, ya ɗauki zunubin kowane ɗan Adam ne domin duk wanda ya gaskata ya tsira, ko kuwa ya ɗauki zunubin zaɓaɓɓu ne ya tabbatar da cetonsu har da bangaskiyar da za su yi? Ka rubuta wannan a saman allo, ka bar shi can har makonni ukun su ƙare. Duk wanda ya kauce, ka nuna masa allo.

Daga nan ka ɗan tsaya a kan kalmomi biyu, kafara da fansa, domin kunnen mai jin Hausa ya riga ya san su tun kafin ya shigo aji. Maƙwabtanmu Musulmi in sun ce kaffara suna nufin abin da mai laifi da kansa yake yi, kamar azumin wata biyu a jere ko ciyar da miskinai 60 ga wanda ya karya azumi da gangan. A koyarwar Kirista kuwa wani ne ya yi a madadin mai laifi, kuma Allah ne da kansa ya tanada. In ba ka bambance wannan ba, wasu za su fita suna tunanin tambayar ita ce wa ya yi ƙoƙari ya isa. Fansa kuma a kwanakin nan ba ta zuwa a bakin mutane sai da kuɗin fansa, da daji, da wayar tsakar dare. A ajina akwai waɗanda suka sayar da gona da shanu suka karɓo ɗan'uwa. Ka taɓa kalmar da hankali.

Sai ka raba allo gida biyu. A dama, gefen masu cewa "domin kowa", ka jera Yohanna 1:29, Yohanna 3:16, 2 Korintiyawa 5:14-15, 1 Timoti 2:4-6, 1 Timoti 4:10, Ibraniyawa 2:9, 2 Bitrus 2:1 da 1 Yohanna 2:2. A hagu, gefen masu cewa "domin zaɓaɓɓu", ka jera Matiyu 1:21, Yohanna 10:11 da 26, Yohanna 17:9, Ayyukan Manzanni 20:28, Romawa 8:32-34, Afisawa 5:25 da Wahayi 5:9. Ka tuna wa masu tsohuwar fassara da masu sabuwa cewa Yahaya da Yohanna littafi ɗaya ne, kada a ɓata lokaci ana nema. Abin da ya fi yi mini aiki a nan shi ne musanya. Wanda na san yana riƙe da "domin kowa" shi nake ba ayoyin hagu ya karanta da ƙarfi, ya kuma faɗi abin da suke cewa ba tare da "amma" ba. Mai riƙe da "domin zaɓaɓɓu" in ba shi na dama. Dattijon nan da ya miƙe a ranar farko, da ya karanta Yohanna 17:9 da bakinsa, inda Yesu ya ce ba domin duniya yake roƙo ba sai domin waɗanda Uba ya ba shi, ya yi shiru na ɗan lokaci ya ce, "Ashe akwai wannan." Saurayin ma haka ya yi a gaban 1 Yohanna 2:2, inda aka ce hadayar ba domin zunubanmu kaɗai ba ce, har da na duniya duka. Ka tsaya a nan. Kada ka warware musu komai ranar. Su tafi gida da nauyin layukan biyu.

Lahadi ta biyu ita ce mai aiki, domin a nan za ka nuna yadda kowane gefe yake amsa ayoyin da suka matse shi, da inda amsar take da ƙarfi, da inda take ɗingishi.

Masu cewa domin zaɓaɓɓu ya mutu sukan ce "duka" da "duniya" ba kullum suke nufin kowane mutum ɗaya ɗaya ba. Suna da gaskiya a kan yadda harshe yake aiki. In muka ce duk gari ya zo ɗaurin aure, babu mai cewa ƙarya muka yi domin makaho na can kan tabarmarsa. Farisiyawa ma sun ce duniya ta bi Yesu a Yohanna 12:19. Sukan nuna cewa a 1 Timoti 2 Bulus ya fara da cewa a yi addu'a domin sarakuna da masu mulki, saboda haka "dukan mutane" na iya nufin kowane irin mutum, sarki da talaka, Bayahude da Ba'al'umme. Sukan kuma ajiye 1 Yohanna 2:2 kusa da Yohanna 11:51-52, inda marubucin ya ce Yesu zai mutu ba domin al'ummar kaɗai ba, har domin ya tattara 'ya'yan Allah da ke warwatse. Wannan amsa ce mai nauyi, kada ka raina ta. Inda take wahala shi ne 2 Bitrus 2:1. Can ana maganar malaman ƙarya ne da ke jawo wa kansu hallaka, amma aka ce suna musun Ubangijin da ya saye su. Na karanta bayanai da dama da aka yi domin kauce wa ayar, babu wanda ya kwantar mini da rai.

Masu cewa domin kowa ya mutu kuma sukan ce ayoyin hagu ba su ce "kaɗai" ba. In na ce na gina gidan nan domin 'ya'yana, ban ce uwarsu ba za ta kwana a ciki ba. Bulus ya ce a Galatiyawa 2:20 Ɗan Allah ya ba da kansa domina, kuma ba wanda ya taɓa cewa domin Bulus kaɗai ya mutu. Wannan ma gaskiya ce. Inda suke shan wuya shi ne Romawa 8:32-34, domin can Bulus ya ɗaure abubuwa da igiya ɗaya: wanda aka ba da Ɗan dominsa za a ba shi komai, ba mai kai ƙararsa, ba mai hukunta shi, Almasihu yana roƙo dominsa. In an ba da Ɗan domin kowa daidai wa daida, me ya sa igiyar take tsinkewa a kan wasu? Sai kuma Yohanna 10:26, inda Yesu bai ce ku ba tumakina ba ne domin ba ku gaskata ba, ya ce ba ku gaskata ba domin ku ba tumakina ba ne. Ka sa aji ya karanta ayar sau biyu, su ga wanne ya zo gaba.

A nan nake kawo tambayar Jon Owen, malamin Ingila na ƙarni na 17, domin ita ce makami mafi kaifi a hannun 'yan hagu, kuma gara aji ya ji ta daga bakinka kafin ya ji ta a YouTube. Ya ce Almasihu ya ɗauki hukuncin ko dai dukan zunuban dukan mutane, ko dukan zunuban wasu mutane, ko wasu zunuban dukan mutane. In na uku ne, babu mai tsira. In na farko ne, me ya sa ba kowa ya tsira ba? In ka ce saboda rashin bangaskiya, sai ya tambaye ka, rashin bangaskiya zunubi ne ko ba zunubi ba? In zunubi ne ai an biya shi, kuma Allah mai adalci ba ya karɓar bashi sau biyu. Ka ba aji minti biyar su yi kokawa da ita. Sa'an nan ka nuna musu amsar da aka daɗe ana bayarwa. Afisawa 2:3 ta ce mu ma dā muna ƙarƙashin fushi kamar sauran mutane. Wato ko zaɓaɓɓe, kafin ya ba da gaskiya, ba a sake shi ba tukuna, ko da yake an gicciye Almasihu tun tuni. Ke nan mutuwar ba kamar kuɗin da aka zuba a hannun mai bin bashi aka yage takarda nan take ba ce. Akwai yanka, akwai kuma shafawa, kamar ɗan ragon Ƙetarewa a Fitowa 12, da ba a tsira da yanka shi kawai ba sai an shafa jinin a dogaran ƙofa.

Wannan ya kawo ni ga gargaɗin da na fi so ka riƙe. Ka yi hattara da misali, domin kowane misali yana shigowa da hukuncinsa a aljihu. In ka ce ceto kamar rijiyar gari ce, an haƙa domin kowa amma wanda ya ja guga ne yake sha, ka riga ka yanke wa 'yan dama shari'a. In ka ce kamar kuɗin fansa ne, da ake biya da sunan mutum takamaimai kuma a fito da shi, ka yanke wa 'yan hagu. Mutane za su tafi da misalin su manta ayar. Ni nakan kawo biyun tare in faɗi inda kowanne ya karye. Rijiya ba ta bayyana dalilin da ya sa matacce cikin zunubi ya tashi ya ja guga ba. Kuɗin fansa kuwa ga azzalumi ake miƙa shi, Allah kuma ba ɗan bindiga ba ne, ba kuma Shaiɗan aka biya ba. In dole sai ka tsaya a kan misali ɗaya, ka ɗauki wanda Yesu ya ɗauka da kansa a Yohanna 3:14-15, macijin tagulla da Musa ya ɗaga a jeji, a Littafin Ƙidaya sura 21.

Tarihi ka bar shi sai Lahadi ta uku, kuma kada ya wuce minti 15. Tun ƙarni na 12 wani malami a Faris mai suna Bitrus Lombad ya tsara maganar da aka yi ta maimaitawa bayansa, cewa mutuwar Almasihu ta isa domin kowa amma tana aiki ga zaɓaɓɓu. Kalbin ya rasu a 1564, kafin gardamar ta yi kamari, kuma har yau masana suna ja-in-ja a kan inda ya tsaya a wannan batu. Arminiyus, malami a jami'ar Laiden ta ƙasar Holan, ya rasu a 1609. A 1610 almajiransa suka miƙa wa hukuma takarda mai batutuwa biyar, na biyunsu yana cewa Almasihu ya mutu domin kowa da kowa, amma babu mai cin moriyar gafarar sai mai ba da gaskiya. Majalisar ikilisiya da ta zauna a garin Dort daga 1618 zuwa 1619, har da wakilai daga Ingila da Jamus da Suwizalan, ta amsa musu. Ka karanta wa aji abin da majalisar ta tsayar, domin da yawa masu kiran sunanta ba su taɓa gani ba. Ta ce mutuwar ta isa ƙwarai ta shafe zunuban duniya duka. Ta ce a yi shelar bishara ga dukan al'ummai da dukan mutane ba tare da bambanci ba. Ta ce wanda ya hallaka laifinsa ne, ba gazawar hadayar ba. Bayan wannan ne ta ce nufin Allah shi ne ikon ceton ya kai ga zaɓaɓɓu, ya ba su bangaskiya. Kalmar TULIP, wadda ke taƙaita batutuwa biyar na koyarwar gidan Kalbin, da samari suke kawowa daga intanet ba daga Dort ta fito ba, sai a ƙarni na 20 aka ƙirƙire ta da Turanci. Ka faɗa musu kuma abin da rikicin ya ci: an sauke fastoci kimanin 200 daga aiki bayan majalisar.

Nakan rufe tarihin da mutum uku. Wesli, mai riƙe da "domin kowa", da Witfil, mai riƙe da "domin zaɓaɓɓu", abokan wa'azi ne da suka rabu a kan wannan koyarwa wajen 1740, har da rubuce-rubuce a bainar jama'a, amma da Witfil ya rasu a 1770 Wesli ne ya yi wa'azin tunawa da shi a Landan, bisa ga abin da mamacin ya roƙa. Wiliyam Keri kuma daga cikin 'yan Baptis masu riƙe da "domin zaɓaɓɓu" ya fito, ya tafi Indiya a 1793, bai sake komawa gida ba har ya rasu a 1834. Ina kawo shi ne saboda zargin da ake yawan yi cewa wannan koyarwa tana kashe aikin bishara. Akwai waɗanda ta sanyaya musu gwiwa a zamaninsa, gaskiya ne, amma shi ba ta hana shi ba.

Za su tambaye ka inda kai ka tsaya, kuma ka amsa. Malamin da ya ɓoye ra'ayinsa bayan makonni uku yana koya wa aji cewa batun wasa ne. Ni abin da nake faɗa musu shi ne, zan iya duban kowane mutum a kasuwa ko a gadon asibiti in ce masa Almasihu ya mutu dominka, ba tare da na haɗiye rabin maganar ba, saboda 1 Yohanna 2:2 da 2 Bitrus 2:1 sun fi ƙarfin in lanƙwasa su. Na kuma gaskata cewa duk wanda ya zo, Uba ne ya jawo shi, kuma Almasihu ya mutu da nufi na musamman a kan ikilisiyarsa, nufin da ba ya faɗuwa. 1 Timoti 4:10 ta riƙe biyun a numfashi ɗaya, Mai Ceton dukan mutane, musamman masu ba da gaskiya. Ba sabon ra'ayi ba ne, Jon Dabenant na cikin wakilan Ingila a Dort ya riƙe kusan haka. Nakan kuma faɗa musu raunin matsayina, cewa ɗan hagu zai ce na sa wa Allah nufi biyu, ɗan dama ya ce na ba da hannu ɗaya na karɓe da ɗaya. Duk da haka na fi yarda in zauna da wannan tambaya a kaina da in danne aya.

Minti goma na ƙarshe na mutanen da ba su yi magana ba ne. Ruwa ba ya tsami banza, kuma mai yi maka wannan tambaya a ɓoye ba tauhidi ne ya dame shi ba. Ga irin uwar nan da ta tsaya a ƙofa, yanzu Yohanna 6:37 nake buɗewa. Rabin farko na ayar ya ce duk wanda Uba ya ba Yesu zai zo, rabi na biyu ya ce wanda ya zo ba za a kore shi ba ko kaɗan. Na ce mata, "Mama, ba a ce ki leƙa littafin Allah ki nemo sunanki ba. Kin ji muryarsa? Kin zo?" Ta ce ta zo tun tana budurwa. Na ce to rabi na biyu naki ne, kuma Dort da Wesli duk za su faɗa miki haka.

Akwai kuma irin mutumin da ya same ni a karo na uku da na koyar da darasin. Shi kaɗai ne Kirista a gidansu, mahaifinsa ya rasu yana kan addinin gargajiya. Ya ce, "Malam, Baba fa? An mutu dominsa ko ba a mutu ba?" Kada ka yanke hukunci a kan mamaci, ko na sama ko na ƙasa, babu layin allo da ya ba ka wannan iko. Na karanta masa tambayar Ibrahim a Farawa 18:25, ko Mai shari'ar dukan duniya ba zai yi daidai ba, muka yi addu'a a kan benci bayan kowa ya shiga sujada. Ranar Talata da yamma na je gidansa, muka zauna a zaure, ya yi ta ba ni labarin mahaifinsa har aka kira magariba a masallacin unguwar.